Turaku Huɗu a Bayan Damagaram

Daga Kazaure na taso da tanti na aro,
na tsallake iyaka da fasfo da murar kwana uku.
A Matamai jandarma ya yi min dogon Faransanci,
na ce masa wi, na ƙara wi,
sai ya yi dariya, ya ce, "Lahiya lau, baba, wuce."
Ashe Hausa ce a cikinsa, hular ce kawai baƙuwa.

Bayan gari, hanyar Mirriya,
inda duwatsu suka hau juna kamar buhunan gero,
nan na sauke kaya ƙarƙashin wata tsamiya.
Turaku huɗu ne a jaka. Guduma na baro ta gida,
kan tagar Ladidi, inda na ajiye don kar in manta.

Ina dukan ƙarfe da dutse, ƙasa tana ƙi,
sai ga wani dogo ja, wandonsa iya gwiwa,
ya fito daga tantin da ke gefe.
Ya ce, "Sa ba?"
Na ce, "Saba? Bawan Allah, yanzu fa muka haɗu,
sabo ai sai a hankali."
Bai ji ba. Ya miƙo guduma.
Wannan kam na ji ta sarai.

Ya bugi ƙirji: Tiyeri. Ya nuna matarsa: Odil.
Na bugi nawa: Magaji.
Ya ce Magazi. Na bar masa,
tunda ni ma na ɓarar da rabin sunansa a ƙasa.

Da asuba, bayan na shafa addu'a,
Odil ta leƙo da kofi biyu: "Kafe?"
Na nuna turke, na ce, "Ƙwarai, na kafe shi,
ko iskar damina ba ta cire wannan."
Ta dubi turke, ta dubi kofi, ta dube ni.
Na karɓa. Baƙi ƙirin, ɗaci kamar maɗaci,
ba sukari ko na rantsuwa.
Na shanye don kunya, na ce mersi,
hawaye na tsaye a idona.

Da yamma na rama.
Na sayo kilishi a Zango, mai yajin gaske.
Tiyeri ya gutsura, kunnensa ya koma gauta,
yana fifita baki yana kiran lo, lo!
Ranar na koyi sunan ruwa.

A kasuwar Dole ni na yi musu ciniki,
ni da lissafin dala ke juya wa kai,
su da takardun sefa a hannu kamar ganyen zogale.
Mai kankana ta cuce mu duka uku,
muka dawo muna murna.

Dare na huɗu ba wanda ya nemi kalma.
Gawayi na ci, shayi na tafasa karo na uku,
ya zana min garinsu da tsinke a rairayi:
kogi, gada, wani gida,
sai ƙaramin tudu da ya daɗe yana kallo.
Na zana nawa: dam, masallaci, gonar rake,
da inda muka kwantar da Inna bara.
Ya share nasa da tafin hannu, a hankali.
Ni na bar nawa wa iska.

Da safe suka naɗe, motarsu ta fuskanci Tanut.
Odil ta ce sannu, sannu, sannu,
ta zuba ta inda sai wata rana ya kamata.
Tiyeri ya leƙo ta taga: "Sa ba, Magazi?"
Na ce, "Yanzu kam an saba."

An ce sabo turken wawa.
To, ga ni na cire uku, na huɗu ya ƙi fita,
ga kuma gudumar mutane a hannuna,
ban san yadda ake cewa "dawo ka karɓa" ba.